Filin Koyon Turanci: wasiƙunku kan kalmar "fair"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka taru a gabana da yawansu kan kalma ɗaya suke, wato "fair". Sifa ce 'yar ƙarama mai harafi huɗu amma kowa da inda ya ci karo da ita, wata a takardar sakamako, wani a ƙwallo, wata kuma a saƙon asibiti, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Malam dan Allah a taimaka min. An ba mu rizal ɗin wannan zangon, a gaban Turanci malaminmu ya rubuta min "fair". Na duba ƙamus ɗin wayata ya ce min adalci ne, toh ni sai na ɗauka yabo ne har na kai wa Baba ina murna, sai Yayana ya ce wai ba abin murna ba ne. Wa ke da gaskiya tsakanin Yaya da ƙamus? Daga wata ɗaliba 'yar sakandare.

AMSA: 'Yata, Yayanki ya fi kusa da gaskiya a nan, amma ƙamus ɗin ma bai yi miki ƙarya ba, ma'ana ɗaya ya ba ki cikin da yawa ya ja bakinsa ya yi shiru. In dai ana maganar auna ƙoƙarin mutum ne ko ingancin abu, Turawa suna da matakala da suka saba bi, daga sama "excellent", sai "very good", sai "good", sai "fair", a ƙasa kuma "poor". Kin ga ke nan kina mataki ɗaya sama da na ƙarshe, ba ki faɗi ba amma ba ki kai a ce kin yi kyau ba, abin da mu za mu ce ba yabo ba fallasa, ko da dama-dama. Kar ki karaya, tsakaninki da "good" taki ɗaya ne, kuma yarinyar da ta damu har ta buɗe ƙamus ta kuma rubuto wasiƙa ina da yaƙinin za ta taka shi.

Amma bari in tsaya a nan kaɗan don abin da ya same ki shi ke samun kusan duk mai koyo. Muna son kowace kalmar Turanci mu ɗaura mata kalmar Hausa guda ɗaya mu haddace mu huta, suna yakan yarda da haka wani lokacin, amma sifa ba ta yarda, saboda ita sifa ma'anarta tana jingine ne da sunan da take zaune kusa da shi. Ki duba "fari" a namu harshen. Farin ciki murna ce, farin jini ƙaunar jama'a ce, farar hula wanda ba soja ba ne, farin wata kuma hasken dare, yanzu in baƙo mai koyon Hausa ya haddace cewa fari launi ne kawai, ranar da aka ce masa wane yana da farin jini ai sai ya ce a kai shi asibiti. Ke ba ki taɓa rikicewa da waɗannan ba don tare da sunayensu kika koye su tun kina ƙarama. Toh haka za ki yi wa "fair". In kin ga "fair judge" ko "fair decision" adalci ne. "Fair hair" gashi ne mai haske. "Fair weather" gari ne garau ba ruwa ba hadari. "Fair result" matsakaici.

Dabara ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce ki tambayi kanki mene ne kishiyar kalmar a wannan jimlar. In kishiyarta "unfair" ce, adalci ake nufi. In "dark" ce, launi ake nufi. In "stormy" ce, yanayin sama ne. In kuma kin ga tana tsakanin "good" da "poor", toh awo ne. Malaminki in da kin faɗi ba zai rubuta miki "unfair" ba ai, "poor" zai rubuta, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba adalci yake nufi ba. Sannan ki rage dogaro da ƙamus ɗin waya mai ba da kalma ɗaya, ki nemi na masu koyo wanda ke bayani da Turanci mai sauƙi, yana jera ma'anoni da lamba 1, 2, 3 da misalin jimla a ƙarƙashin kowace, ki riƙa karantawa har ƙasa kafin ki zaɓa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na yi tafiya Ingila wani taro, wani Bature abokin aikina da ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba shi zai tarye ni a filin jirgi, sai na tura masa mesej na ce "I am tall and fair". Wallahi mutumin nan ya wuce ta gabana yana ta waige-waige yana neman wani, da muka haɗu ya ce shi ya ɗauka Bature zai gani. Ni kuwa kowa ya san fari ne ni. Ina kuskuren? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa, kai da shi kowa da ma'aunin da ke kansa. Mu in mun ce mutum fari ne muna gwada shi da sauran baƙaƙen fata ne, akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari, sai muka ɗauki "fair" muka ɗora a kan wannan farin namu. Shi kuwa mutumin Ingila in ya ji an ce wane "fair" ne, abin da ke zuwa masa shi ne mai fata fara fat irin wadda rana ke ƙonawa nan da nan, kuma galibi mai gashi ruwan zinare, kai sau da yawa ma gashin suke nufi kafin fatar, "a tall fair man" dogo ne mai gashi mai haske. Da ka ce masa "light-skinned" ko "light brown skin" da ya gane, ko ma mafi sauƙi ka gaya masa kalar rigar da ka sa.

Tarihin kalmar yana da daɗin ji kuma yana warware abubuwa da yawa. A tsohon Turanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, ana rubuta ta "fæger" kuma ma'anarta kyakkyawa, abin da ido ke so, ba ruwanta da launi. Har yanzu mutanen Suwidin da Norwe suna da 'yar'uwarta "fager" mai wannan ma'anar. Akwai sarkin Faransa Filif na 4 da ya yi mulki daga 1285 zuwa 1314, Turawan Ingila suna kiransa "Philip the Fair", ba don adalci ba, don kyawun surarsa ne, Faransawa ma laƙabin da suke masa kyakkyawa yake nufi. Daga kyau sai ma'anar ta yi rassa. Abu mai kyau ba shi da tabo, shi ya sa rubutun da aka sake kwafewa tsaf ba goge-goge ake ce masa "fair copy". Sama mai kyau ba hadari, ga "fair weather". Mu'amala mai tsabta ba maguɗi, ga adalci. Su kuma a wancan zamanin suna ganin haske shi ne kyau, sai kalmar ta koma kan fata da gashi.

Wannan reshen na ƙarshe shi ne ni ba ya min daɗi, kuma ba ni kaɗai ba. Kalma ɗaya ta haɗa kyau da fari da adalci a ciki, yaro yana tasowa yana jin haka, ba sai an gaya masa komai ba ya riga ya ɗauki darasi. A 2020 kamfanin Unilever ya canza sunan man shafawarsa daga Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely bayan an daɗe ana sukar sunan kan cewa yana nuna fari shi ne kyau. Don haka in kana siffanta mutum da Turanci ka faɗi launin kai tsaye, ya fi tsabta. Haka nan kar ka ce wa mata "the fair sex" ko da ka gani a tsofaffin rubuce-rubuce, ya tsufa, kuma mata da yawa raini suke jinsa.

TAMBAYA: Malam ni ɗan ƙwallo ne. Har yau abin da aka yi wa Senegal a gasar kofin duniya yana min ciwo, an ce wai "fair play" ne ya fitar da su. In "fair" adalci ne, ina adalci a fitar da ƙasa alhali makinsu ɗaya da Japan? Daga masoyin tamaula.

AMSA: Abokina, ba kai kaɗai abin ya yi wa ciwo ba. Ga waɗanda ba su sani ba, a gasar 2018 a Rasha, Senegal da Japan sun gama wasannin rukuni da maki 4 kowace, kowace ta ci ƙwallo 4 an ci ta 4, wasan da suka yi tsakaninsu kuma 2 da 2 aka tashi, sai aka koma lissafin katin gargaɗi, Japan tana da 4 Senegal tana da 6, Japan ta wuce. Shi ne karon farko da aka fitar da ƙasa daga gasar ta wannan hanyar.

Shi "fair play" ba yana nufin alƙali ya yi wa kowa adalci ba, yana nufin ɗan wasa ya yi wasa mai tsabta, ba ƙeta ba maguɗi, ya bi doka ya girmama abokin karawa. Kishiyarsa "foul play", kuma ita wannan "foul" ɗin ce muke ce wa fawul. Wato abin da aka auna shi ne wa ya fi tsabtar wasa bisa lissafin kati. Ko dokar kanta adalci ce, wannan muhawara ce daban, ni dai ina ganin ta fi jefa ƙuri'ar sa'a, wadda a lokacin ita ce abin da ya rage in katin ma ya zo ɗaya.

Tambayarka ta taɓo wani abu da ya kamata kowa ya riƙe, "fair" daban "equal" daban. "Equal" daidai wa daida ne a lissafi, "fair" kuwa kowa ya samu abin da ya cancanta. In mutum biyu suka yi aiki, ɗaya awa 8 ɗaya awa 2, aka ba su lada iri ɗaya, an yi "equal" amma ba a yi "fair" ba. Akwai kuma "just", ita ma adalci ce amma ta fi nauyi, ta manyan maganganu ce irin na shari'a da aƙida. Yaron Bature in aka ba ƙaninsa abu aka hana shi "it's not fair" zai ce yana kuka, ba za ka ji ya ce "it's not just" ba. Duk da haka "fair" ɗin ma tana shiga manyan takardu, sashe na 10 na sanarwar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce kowa yana da haƙƙin "fair and public hearing", wato a saurare shi bisa adalci a bainar jama'a, sannan zaɓe mai inganci ai kullum kana jin ana cewa "free and fair".

TAMBAYA: Malam hankalina a tashe yake. Ƙanina yana karatu a Amurka ya yi hatsarin mota, abokinsa ya turo mana cewa asibiti sun ce "he is in fair condition". Mama sai kuka take, ni kuma ban san me zan ce mata ba. Daga yayarsa.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya Ya sa kaffara ne. Ki je ki kwantar wa Mama da hankali, wannan magana ta fi kusa da alheri. Asibitocin Amurka suna da kalmomin da suka saba amfani da su in za su faɗi halin majiyyaci a taƙaice, "good", "fair", "serious", "critical", kin ga a wannan jerin "fair" ita ce ta biyu daga sama. Yadda ƙungiyar asibitocin ƙasar ta fassara ta shi ne bugun zuciya da numfashi da awon jini da zafin jiki duk sun daidaita, mutum yana cikin hayyacinsa, mai yiwuwa yana jin ciwo ko rashin daɗin jiki, amma alamu suna nuna sauƙi. Da Hausa sai mu ce jiki da sauƙi. Da "critical" suka ce, nan ne ake tashin hankali.

Sai dai kalma ɗaya ce da ta biyo ta bakin mutum biyu kafin ta iso gare ku, ba ta gaya muku ko akwai karaya ko za a yi aiki ba, kuma hali yana iya canzawa. Ki sa abokin ya haɗa ku da shi ƙanin naki a waya tunda alama yana iya magana, ko da nas ɗin da ke kula da shi, ku tuna dokarsu ba ta barin asibiti ya ba da cikakken bayanin majiyyaci sai da yardarsa, don haka shi ya gaya musu ya amince a yi muku bayani. Muryarsa da Mama za ta ji ta fi duk fassarar da zan yi.

TAMBAYA: Malam na tura wa ogana dogon bayani kan dalilin da ya sa ban gama wani aiki a kan lokaci ba, amsar da ya ba ni kawai "fair enough". Ya yarda ne ko fushi ya yi? Kwana na yi ina tunani. Daga wani matashi sabon ɗauka.

AMSA: Ɗana, ka yi barcinka. "Fair enough" kamar mutum ya ce maka toh na ji, kana da hujja, ko ba laifi na karɓa. Ba yabo ba ne, bai ce ka burge shi ba, amma ya karɓi uzurinka ya rufe maganar. Wani lokacin akan faɗe ta in mutum bai gamsu ɗari bisa ɗari ba amma ya ga ba abin jayayya ba ne, a baki murya ce ke nuna wanne ne, a rubuce kuwa ka ɗauke ta a kan ya amince, kawai dai ka gama aikin kar a sake.

Tunda a ofis kake ga 'yan'uwanta da za ka riƙa ji. "To be fair" shi ne namu tsakani da Allah, ana faɗarsa in ana sukar mutum sai wani ya so ya faɗi ɓangarensa mai kyau, "to be fair, he was ill that week", tsakani da Allah dai ba shi da lafiya a satin. "Fair point" maganarka tana kan hanya. "Fair and square" ba maguɗi ko kaɗan, "she won fair and square". Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne "a fair amount" ko "a fair number", tunda kun ji na ce "fair" matsakaici ne sai ku ɗauka kaɗan ake nufi, alhali da ɗan yawa ake nufi, in oga ya ce "there is a fair amount of work left" toh aiki ya rage ba kaɗan ba, ka ɗaura ɗamara. Mu ma muna yin irin wannan, in aka ce wane ya tara dukiya ba laifi ai kowa ya san ba ƙaramar dukiya ake nufi ba. Mutanen Ingila musamman suna son rage wa magana kaifi haka.

Sai "fairly". Tana da fuska biyu. In ta bi aikatau adalci ce, "he treated us fairly". In ta zo gaban wata sifa kuma rage mata ƙarfi take, "fairly good" bai kai "very good" ba, in an ce aikinka "fairly good" ne toh akwai sauran gyara.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce, ina koyar da Turanci. Yarana suna rubuta "fairs decisions" da "more fairer", ni kaina wani lokacin ina shakka tsakanin "fair to" da "fair on". A ƙara min haske. Daga Malama.

AMSA: Malama, Allah Ya saka da alheri, aikinku ne tushe. "Fairs decisions" daga Hausa yaran suka ɗauko kuma hankali ne ya kai su, don mu sifarmu tana bin jinsi da adadi, fari, fara, farare, sai suka ga ai in suna ya zama jam'i dole sifa ta bi shi. Ki nuna musu ta Turanci ba ta motsi, "a fair man", "a fair woman", "fair people", ita ce dai. Kuma in tana tare da suna gabansa take zuwa, mu muna iya cewa farin doki ko doki fari, su hanya ɗaya ce. In sifofi sun taru tsawo ko girma yana riga launi, "long fair hair".

Wajen gwadawa, "fairer" da "fairest". Za ki ji masu harshen suna cewa "more fair" wani lokacin kuma ba a ɗauke shi kuskure ba, amma "more fairer" kuskure ne, an yi aiki ɗaya sau biyu. "Fair to" ana amfani da shi ko'ina, "be fair to your pupils". "Fair on" na mutanen Ingila ne kuma ya fi zuwa a korewa, "it's not fair on the children", Ba'amurke "to" zai sa a wurin. Duka daidai ne, ki koya musu "to" tukuna.

Abu ɗaya da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, wurin da sifar ta zauna yana iya canza ma'anarta. "A fair amount" mun ce da ɗan yawa, amma in kika juya kika ce "the amount is fair" ya koma adadin ya dace, ba a cuci kowa ba. Sannan "unfair" ta adalci ce kaɗai, ba a cewa "unfair hair" ko "unfair weather". In kina son yaran su riƙe, kar ki ba su jerin ma'anoni su haddace, ki rubuta jimloli biyar a allo kowace da nata "fair" ɗin, ki ce su nemo kishiyar kowace, za ki ga yadda ajin zai kaure da gardama mai amfani.

TAMBAYA: Malam ina ɗora bidiyo a YouTube, an ce min in na rubuta "fair use" a ƙasa ba wanda zai kama ni ko da na sa waƙar wani. Haka ne? Daga mai harkar bidiyo.

AMSA: Ba haka ba ne ɗan'uwa, wanda ya gaya maka bai taimake ka ba. "Fair use" kalmar doka ce ta Amurka, tana sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976, kuma "fair" a nan tana nufin gwargwadon da hankali zai ɗauka bai cuci mai abu ba. Kotu ce ke yanke hukunci, tana duba abu huɗu, me ka yi da kayan, shin sharhi ne ko koyarwa ko kuwa kasuwanci kawai, wane irin aiki ne ka ɗauka, nawa ka ɗiba daga ciki, sannan ko abin da ka yi zai rage wa mai shi ciniki. Rubuta kalmar a ƙasan bidiyo ba ya canza ko ɗaya cikin huɗun nan. A Ingila ma sunan daban ne, "fair dealing", kuma ya fi tsauri don an lissafa dalilan da aka yarda da su kamar nazari da sharhi da ba da labarai. In waƙa sukutum za ka sa don bidiyonka ya yi armashi, ka nemi izini ko ka ɗauki irin waɗanda aka saki kyauta.

TAMBAYA: Malam "trade fair" fa, kasuwar adalci ke nan? Kuma me ya bambanta "fair" da "fare" da "fear" da "pair", ni duk ɗaya nake jinsu. Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji, "trade fair" baje koli ne, kuma wannan "fair" ɗin suna ce, ba ta da dangantaka da sifar da muke ta magana a kai, kama ce kawai ta rubutu. Ta fito ne daga kalmar Latin "feria" mai nufin ranar hutu ko biki, ta biyo ta Faransanci, saboda a Turai ta da a ranakun bukukuwa ake cin manyan kasuwanni. Amma ka kula, in ka juya kalmomin ka ce "fair trade" ka koma sifa, wato cinikin adalci, tsarin da ke neman a biya manoman ƙasashe masu tasowa farashin da bai cuce su ba, irin tambarin Fairtrade da ake gani a jikin kaya.

"Fair" da "fare" kunnenka bai yaudare ka ba, furucinsu ɗaya ne sak, rubutu da ma'ana ne suka raba su, "fare" kuɗin mota ne ko na jirgi, asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin tafiya, ita ce a cikin "farewell". A bakin mutumin Ingila dukansu kamar "fe" ne mai ɗan ja, ba a jin r ɗin, Ba'amurke kuma yana fito da r. "Fear" tsoro ce kuma wasalinta daban, kusan "fiya".

"Pair" ita ce inda mu Hausawa muke shan wuya, domin f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, tana tsakanin f da p na Turanci, shi ya sa muke musanya su ba mu sani ba. Ga yadda za ka raba su. In za ka ce "fair", ɗora haƙoranka na sama a kan leɓenka na ƙasa ka hura iska, sautin yana iya ci gaba har numfashinka ya ƙare. In za ka ce "pair", haɗe leɓɓa biyu gam ka sake su lokaci guda, iska ta fashe ta fito, ba ya jawuwa. Ka tsaya gaban madubi, in ka ga haƙoranka f kake yi, in leɓɓa sun rufe p ce. Ka riƙa maimaita "a fair pair" da "pay the fare" a hankali kafin ka ƙara sauri, sannan ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, don kunne ya fi kama kuskure in ba a lokacin bakin ke magana ba.